Sammako zuwa tafkin kan tsauni: a tashi ƙarfe 2:30 na dare ko a jira gari ya waye?

Sa'adatu:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka saba hawan tsauni. Ni da yayana da matarsa mun shirya zuwa Tafkin Chasm da ke gandun Rocky Mountain a jihar Kolorado ta Amurka, cikin watan Yuli in Allah ya kai mu. Tafkin yana kwance ne a gindin tsaunin Longs Peak, a tsayin kusan mita 3,600. Daga inda ake ajiye mota zuwa bakin ruwan bai cika kilomita 7 ba, sai dai hawan ya kai wajen mita 750. Yayana ya kafe sai mun kama hanya ƙarfe 2:30 na dare domin fitowar rana ta riske mu a bakin ruwa. Matarsa ta ce ita ba za ta taka hanyar da ba ta sani ba cikin duhu. Ni kuma na rasa inda zan tsaya. Mun saba doguwar tafiyar ƙasa, amma babu wanda ya taɓa bin wannan hanya a cikinmu. Me kuka gani?

Alhaji Bala:
Wa alaikumus salam. 'Yata, matar yayanki ta fi shi gaskiya. Hanyar da mutum bai taɓa bi ba, da rana ma sai ya yi ta waige-waige, balle da dare. Tocila ba ta nuna miki komai sai ɗan abin da ke gaban ƙafarki. Ba za ki ga mararraba ba sai kin zo kanta, ba za ki ga zurfin abin da ke gefenki ba, in hadari ya haɗu a sama ma ba lallai ki lura ba. Ga rashin barci. Wanda zai fara tafiya ƙarfe 2:30 ai tun ƙarfe 1 ya tashi, in ma ya runtsa ke nan. Ku bari gari ya waye. Tafkin ba gudu zai yi ba.

Malam Isiyaku:
Alhaji, a gafarce ni, a nan kam ba na tare da kai. A irin waɗannan tsaunuka abin da na fi tsoro ba duhu ba ne, hadarin tsakar rana ne.

Ga yadda yake faruwa. Da hantsi rana tana gasa duwatsu, iskar da ke kansu ta ɗumama ta tashi sama. Tana hawa tana hucewa, har danshin da ke cikinta ya zama gajimare. Ƙarfe 9 ka ga sama tas. Wajen ƙarfe 11 sai 'yan fararen gajimare su fara tulluwa suna tsayi. Zuwa ƙarfe 1 ko 2 gindinsu ya yi baƙi, sai tsawa. A Kolorado abin ya fi ƙamari a Yuli da Agusta, domin a watannin ne iska mai danshi ke shigowa daga kudu. Shi ya sa masu hawa a can suke da ƙa'ida guda: kafin ƙarfe 12 na rana ka sauko cikin itatuwa. Ita kuwa hanyar Chasm, kilomitocinta na ƙarshe babu itace ko ɗaya, fili ne fetal sai duwatsu da gajeren ciyayi. In aradu ta same ka a can babu wurin fakewa.

Ba tsawa kaɗai ba. Ƙoramun da ƙanƙara ke narkewa ta ba su ruwa sun fi raguwa da asuba, sun fi cika da la'asar. Duwatsun da sanyin dare ya daskarar da su a jikin tsauni, rana na buga su suke sakewa su gangaro. Duk wanda ya daɗe yana hawa ya san safiya ce lokacin da tsauni ya fi zama lafiya.

Sa'adatu:
Na gode Malam. To awa nawa kake ganin hawan zai ɗauke mu?

Malam Isiyaku:
Akwai wani tsohon lissafi da William Naismith, wani mai hawan tsauni ɗan Sikotilan, ya fitar a 1892, har yau ana amfani da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. A taku hanyar nisan zai ci wajen awa 1 da minti 20, hawan kuma awa 1 da minti 15. Awa 2 da rabi da 'yan mintoci ke nan. Amma lissafin na mai ƙarfi ne, da rana, ba hutu, kuma ba a tsayin da numfashi ke wuya ba. Ku ware awa 3 zuwa 3 da rabi.

Alhaji Bala:
Madalla. Malam, ai lissafin nan naka ni ya goya wa baya. Mu ɗauke shi yadda ka faɗa. A tsakiyar Yuli rana na fitowa a can wajen ƙarfe 5:45, kuma kusan rabin awa kafin nan gari ya yi hasken da za a ga hanya ba tocila. Su tashi 5:15. Ko sun yi awa 3 da rabi, 8:45 suna bakin ruwa. Su zauna awa guda cur. Su juyo 9:45. Kafin 11:30 sun shiga itatuwa. Ina tsawar ta same su?

Abin da nake so a bambance shi ne, sammako daban, tafiyar tsakar dare daban. Ni ban ce su yi barci har hantsi ba. Tsoron hadari hujja ce ta tashi da wayewar gari. Ba hujja ba ce ta tashi ƙarfe 2:30. Masu tashi a wannan lokaci a wurin, yawancinsu ƙolin Longs Peak suka nufa, mita 4,346, tafiyar da ke cinye yini. Su dole ce ta sa su. Mai zuwa tafki fa, mece ce dolensa?

Malam Isiyaku:
Lissafin ya fita, Alhaji, sai dai bai bar rara ba. In ɗaya ya gurɗe ƙafa, ko hadari ya yi gaggawa ya haɗu ƙarfe 11, wanda yakan faru, shi ke nan. Ni na fi son in riƙe awa biyu a hannu ko da ba zan buƙace su ba. Sannan ga maganar wurin ajiye mota. Masu zuwa ƙoli da masu zuwa tafki wuri ɗaya suke farawa, kuma a lokacin zafi filin kan cika tun kafin asuba. Ka yi sammako, wani a tafe ya kwana.

Nura:
Ku ba ni dama in faɗi abin da yayan Sa'adatu ke nema, domin na tabbata ba tsawa ce a ransa ba. Hasken yake so. Kuma ban ga dalilin da zai sa a ɓoye wannan a bayan maganar tsaro ba, hujja ce mai zaman kanta.

A saman Tafkin Chasm akwai wani bangon dutse a tsaye sak, ana ce masa Diamond, tsayinsa ya doshi mita 300. Sai a 1960 aka fara samun waɗanda suka haye shi, Dave Rearick da Bob Kamps. Bangon gabas yake fuskanta. Da asuba hasken rana yana ratso iska mai kauri ta gefe kafin ya iso, a hanya shuɗin cikinsa ya warwatse, sai ja da ruwan lemo su rage. Wannan jan ne ke fara sauka a kan ƙoli alhali ke da ke ƙasa kina cikin duhu-duhu. Sai ki ga yana gangarowa a jikin bangon sannu a hankali, dutsen da yake toka-toka ya koma ja wur. 'Yan mintoci ne. Daga nan ya koma ruwan zinariya, daga nan fari, shi ke nan sai gobe. Wanda ya iso 8:45 zai ga tafki mai kyau da dutse mai ban tsoro, ba musu. Amma wancan abin ba zai gan shi ba.

Sai kuma ruwan. Da dare iska mai sanyi tana gangarowa daga tsauni zuwa kwari saboda nauyinta. Da rana ta juya, mai ɗumi tana hawowa daga kwari. Tsakanin biyun, wajen fitowar rana, sau da yawa akan samu lokacin da iska ke kwanciya, ruwan ya zama madubi, tsaunin gaba ɗaya ya bayyana a cikinsa kai ƙasa. Ba kullum ba ne, akwai safiyar da iska ba ta tsagaitawa ko kaɗan. Amma da asuba aka fi dacewa. Dalilin ke nan da masu zuwa tafkin Riffelsee a Suwizalan suke sammako don ganin hoton tsaunin Matterhorn a ruwa.

In za ku yi, ku isa kamar minti 30 kafin fitowar rana, ba daidai fitowarta ba.

Alhaji Bala:
To wannan magana na yarda da ita, Nura, domin ka kira abin da sunansa. Sha'awa ce, kuma ba laifi ba ce. Abin da ya rage shi ne a san kuɗinta kafin a saya.

Hajiya Rabi:
Ni zan faɗi kuɗin, domin aikina ne duba marasa lafiya.

Na farko sanyi. A matsakaici zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 na ma'aunin Salshiyas a kowane mita 1,000 da aka hau. Kuma lokacin da ya fi kowane sanyi a yini shi ne dab da fitowar rana, domin ƙasa ta kwana tana sakin zafinta. Ki haɗa su: za ku isa wuri mafi tsayi a lokaci mafi sanyi, jikinku jiƙe da gumi, sannan ku zauna shiru rabin awa kuna jira. Babu hanyar kamuwa da sanyi da ta fi wannan sauƙi, ko a tsakiyar Yuli. Ruwa yana janye zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, don haka rigar da ta jiƙe abokiyar gaba ce. Kada ɗayanku ya sa auduga a jikin fata, ko riga ko safa, domin tana shan gumi ta riƙe. Ulu ko yadin roba na 'yan wasanni. Ku fara tafiyar kuna ɗan jin sanyi, kada ku tula kaya a bakin mota, minti 10 jiki zai ɗauki zafi. Babbar rigar sanyi, hula da safar hannu su zauna a jaka, kuna isa ku sa su nan take, tun kafin ku ji kuna buƙata. Ku tafi da abin shimfiɗa a zauna, dutse yana zuƙe ɗumi ta ƙasa. In kin ga wani yana karkarwa ba tsayawa, yatsunsa sun kasa jan zik, ko maganarsa ta fara sarƙewa, zafin jikinsa ya fara faɗuwa ne. Ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari. A nan ba maganar jiran rana, a lulluɓe shi, a ba shi abu mai ɗumi, a kama hanyar sauka.

Na biyu, wanda ya fi damuna, tsayin wurin. Ciwon tsauni yakan fara kama mutane daga mita 2,500. Ku kuwa inda za ku ajiye motar ma ya haura mita 2,800. Ba wai kason oksijin a iska ke canzawa ba, yana nan kashi 21 cikin 100, matsin iskar ne ke raguwa, sai kowane numfashi ya shigo da kaɗan. A mita 3,000 matsin ya koma kusan kashi 70 cikin 100 na bakin teku. Alamomin su ne ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala da rashin son cin abinci. Yanzu ki duba: wanda bai yi barci ba shi ma ciwon kai yake yi da kasala. To da ƙarfe 4 na dare yayanki ya ce kansa na sarawa, wanne ne? Ba za ku sani ba, kuma zuciya za ta ce barci ne, a ci gaba. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan ciwo, matasa majiya ƙarfi ma yana kama su, sau da yawa don sun fi saurin hawa.

Maganinsa ku kwana biyu ko uku a wuri mai ɗan tsayi kafin ranar. Garin Estes Park da ke kusa yana wajen mita 2,300, ya dace da wannan. In alamu suka bayyana a hanya kada a ƙara hawa. In suka ƙaru, a sauka. Wanda ya fara tangaɗi ko numfashi ya gagare shi yana zaune, a sauko da shi ba jinkiri a nemi likita.

Abba:
Hajiya, ana iya shiga ruwan a yi iyo? Na ga hotunan wasu suna tsunduma a irin waɗannan tafkuna.

Hajiya Rabi:
Ɗana, kada ka fara. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne, ko a tsakiyar zafi da wuya ya haura digiri 10. Ruwan da bai kai digiri 15 ba, kana faɗawa jiki ke jan numfashi da ƙarfi ba da son ranka ba. In kanka na ƙarƙashi a wannan daƙiƙar, ruwa ka shaƙa. Gwanin iyo ma hannu da ƙafa kan mutu masa cikin mintoci. Ga shi taimako yana da nisan awanni. Shan sa ma kada garai-garai ɗinsa ya ruɗe ka, namun daji suna barin ƙwayoyin cutar gudawa a ciki. A tace ko a tafasa. A wannan tsayin ruwa yana tafasa tun wajen digiri 90 ko ƙasa da haka, shi ya sa ake cewa a bar shi minti 3 yana tafasa maimakon 1.

Garba:
Ni a Dutsen Kenya na koyi tafiyar dare, inda masu zuwa ƙolin Lenana, mita 4,985, ke tashi wajen ƙarfe 2 ko 3, domin can ma gajimare kan rufe ƙoli kafin rana ta take. Ta hanyar Chogoria aka bi da mu, ta saman Tafkin Michaelson. Abin da zan ƙara game da duhu ne, domin ina ganin an fi tsoronsa fiye da yadda ya kamata, kuma an fi raina shi a inda bai kamata ba.

Ku duba wata kafin ku tsayar da rana. Jinjirin wata ba zai amfane ku ba, da wuri yake faɗuwa. Cikakken wata yana kwana a sama ya faɗi wajen fitowar rana. Kwanaki kaɗan bayan cikarsa kuwa sun fi, domin da asuba yana nan sama sosai. A cikin itatuwa ba zai yi muku komai ba, amma kuna fita fili za ku ga siffar tsaunin gaba ɗaya.

Tocilar goshi kowa da tasa, ba a raba ɗaya tsakanin mutum biyu, kuma waya ba tocila ba ce. A bar wayar da cajinta saboda taswira da kiran gaggawa, a sauke taswirar tun a masauki domin sabis ba abin dogaro ba ne. Sanyi yana kashe batir da wuri, don haka na ajiya ya zauna a aljihun ciki kusa da jiki. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma haske mai ƙarfi sau ɗaya a fuska ya rushe wannan, don haka in za ka yi wa ɗan'uwanka magana ka sunkuyar da tocilar. Wani abu kuma da mutane ba su cika lura da shi ba: tocilar goshi tana haskawa ne daga kusa da ido, sai inuwar duwatsu ta ɓuya a bayansu, ƙasa ta yi kamar shimfiɗaɗɗiya alhali ba haka take ba. A wuri mai gargada ka riƙe ƙaramar tocila a hannu ƙasa-ƙasa, nan da nan kowane tudu da rami zai fito.

Mafi raunin tafiya shi ne a gaba, ko na biyu, ba a baya ba. Kuma a kowace mararraba a tsaya sai kowa ya iso. Ku riƙa magana kuna tafiya a cikin itatuwa, namun daji irin su beyar sun fi yawo da asuba da magariba, kuma sun fi son su ji ku tun daga nesa su kauce.

Yaya Hadiza:
Na bi wannan hanya, kuma akwai abin da ba a ambata ba wanda a ganina shi ne zai yanke hukunci.

Yawancin hanyar a fili take, an gyara ta, kuma da dare ba ku kaɗai ba ne, za ku ga fitilun masu zuwa ƙoli a jere gabanku da bayanku. Wannan ma tarko ne: a mararrabar da ke sama da itatuwa su za su bi dama, ku hagu za ku yi. Kada ku bi fitila, ku karanta allo.

Bayan mararrabar hanyar tana ratsa jikin gangare ne, ga ɗan tafkin Peacock Pool can ƙasa a hagunku, kafin a kai magangarar ruwa ta Columbine. A wannan gangaren dusar ƙanƙara kan daɗe ba ta narke ba, wasu shekarun har cikin Yuli. Malam Isiyaku ya ce tsauni ya fi zama lafiya da safe, kuma gaskiya ne ga mai kayan aiki: ƙanƙarar da ta daskare da dare tana ɗaukar mai ƙusoshin ƙarfe a takalmi da gatarin ƙanƙara a hannu, wanda kuma ya iya amfani da su. Ga mai takalmi zalla kuwa, daskararriyar ƙanƙarar ƙarfe 4:30 ita ce mafi muni. Takalmi ba ya kama ta, sanda ba ta huda ta, kuma wanda ya zame ba abin da zai tare shi sai duwatsun ƙasa. A kan shirin yayanki, daidai wannan lokacin za ku iso wurin, cikin duhu. Sannan mitocin ƙarshe kafin bakin tafkin ba hanya ba ce sosai, hawan dutse ne da ake ɗan dafawa da hannu.

In kun tarar da ƙanƙara a gangaren nan ku tsaya. Daga mararrabar ma ana ganin bangon Diamond, za ku sami jan haskenku ba tare da kun tsallaka ba.

Alhaji Bala:
Allah ya saka da alheri, Hadiza. Gani ya kori ji.

Malama Ummi:
Ina so in sa baki ta wani ɓangare, don Sa'adatu ta san abin da za ta je gani, kuma don akwai hakkin wurin a kanmu.

Irin waɗannan tafkuna ƙanƙara ce ta haƙa su. A zamanin da tudun ƙanƙara ya lulluɓe tsaunuka, wanda na ƙarshensa ya kau kimanin shekara 11,700 da suka wuce, dusar ƙanƙara takan taru a wani lungu a jikin dutse ta danne ta zama ƙanƙara mai motsi. Tana gangarawa tana fizgar duwatsu daga bangon baya tana goge ƙasa da su, har ta yi rami mai bango a gefe uku. Da ta narke ruwa ya cika ramin, sai wani dandamalin dutse ko tarin tsakuwar da ta bari ya tare bakin. Shi ya sa kusan kullum sai an yi ɗan hawa mai tsauri a ƙarshe, kuma ba a ganin ruwan sai an zo kansa.

Launin ruwa kuma ba ɗaya ba ne. Inda har yanzu ƙanƙara ke niƙa dutse, garin dutsen mai laushi yana shiga ruwa ya ƙi kwanciya, haske ya bugi ƙwayoyinsa sai ruwan ya yi shuɗi-kore mai kauri, irin na Tafkin Moraine a Kanada. A cikin gandun da za ku je ma an ga haka: a Yunin 2022 wani sashe na tsaunin Hallett ya zaftare, garin dutse ya gangaro cikin Tafkin Haiyaha, ruwan da yake garai ya koma kore.

Tafkin Moraine ɗin nan abin tunani ne a wannan muhawarar. Masu neman fitowar rana sun yi yawa har filin motoci kan cika tun tsakar dare, daga 2023 hukumar gandun dajin Kanada ta hana mutane shiga hanyar da motocin kansu, sai motocin jigila. Son hasken asuba yana da nauyi a kan wurin shi kansa. Ciyayin da ke sama da itatuwa makonni kaɗan suke samu a shekara su yi girma. Wanda aka tattake yakan ɗauki shekaru gommai kafin ya farfaɗo. Kuma da dare aka fi tattake su, domin mutum na sauka daga hanya bai sani ba, ko yana yawon neman inda zai kafa kyamara. Ku taka dutse, kada ku taka kore. In buƙata ta kama mutum ya yi nisan kamar mita 60 daga ruwa, kuma duk abin da kuka shigo da shi ku fita da shi.

Nura:
Malama, wannan ta shafe mu masu hoto fiye da kowa. Wurin tsayuwa a zaɓe shi a kan dutse tun isowa, a zauna a nan har gari ya waye.

Sa'adatu:
Na karanta wa yayana da matarsa duk abin da kuka rubuta, mun daɗe muna tattaunawa. Ga inda muka tsaya.

Mun ɗage tafiyar zuwa tsakiyar Agusta saboda ƙanƙarar da Yaya Hadiza ta faɗa. Mun san watan tsawa ne, don haka ƙarfe 8 za mu bar bakin ruwa ko me ake ciki. A lokacin rana na fitowa ne bayan ƙarfe 6 da 'yan mintoci, tashin 2:30 zai ba mu fiye da awa 3. Za mu kwana uku a Estes Park tukuna. A rana ta biyu za mu bi hanyar da safe har mararraba mu leƙa gangaren da idonmu mu dawo, rana ta uku mu huta mu kwanta da wuri. Wannan ne sharaɗin matar yaya, ta ce hanyar da ta gani da rana za ta iya bin ta da dare. Mun kuma yarda duk wanda ya ce a juya, an juya, ba gardama ba tambaya. Za mu bar wa wani sunan hanyar da lokacin da ya kamata ya ji daga gare mu.

Malam Isiyaku:
Shiri ya yi. Ki ƙara da duba hasashen yanayi na kan tsaunin, ba na cikin gari ba, da yammacin ranar. In kun ga walƙiya ku ƙirga daƙiƙu har ku ji tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. Amma kada ku jira lissafi, jin tsawar kaɗai ya isa ku sauka. Da man kare fata da tabarau, hasken rana a wannan tsayin yana ƙuna ko ana sanyi.

Yaya Hadiza:
Ku tambayi ma'aikatan gandun halin da gangaren yake ciki ranar da kuka isa, su suke bin hanyar. Ku tambaye su kuma ƙa'idar shiga ta bana, domin tana canzawa.

Alhaji Bala:
Ni dai har yanzu da ni ne da wayewar gari zan tashi, 'yata, amma shirin nan na masu hankali ne, ba zan hana ku ba. Abu biyu kawai. Yawancin faɗuwa a saukowa ake yin ta, lokacin da an ga abin da aka je gani, gwiwa ta gaji, hankali ya koma gida. Ku kuwa za ku sauko ne da barcin awa uku ko huɗu a ido. Ku ci wani abu kafin ku juyo, ku ɗaure takalmi da kyau, kada ku yi gudu. Na biyu, wa zai tuƙa mota bayan kun sauko? Hanyar tsauni ce mai kwana-kwana, kuma barci ba ya sallama.

Sa'adatu:
An ɗauka, Alhaji. Masaukin ba shi da nisa, kuma mun ce ba wanda zai kama sitiyari sai mun ɗan kwanta a mota tukuna. Doguwar tafiyar komawa sai washegari. Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya bar zumunci.